Shekarar da Ƙanena Ya Hau Ajin Tsakiya

Gidanmu gidan mahauta ne. Mahaifinmu ya yi fawa a kasuwar Dakoro tun kafin a haife ni har ƙarfinsa ya ƙare, kuma kamar yawancin mahautan zamaninsa ya taɓa dambe da ƙuruciya, ko da yake bai yi suna ba. Ni ce babba a ɗakinmu. An sa ni lakkol, na yi karatu har na zama mai koyarwa, aka dawo da ni garinmu ina koyar da ƙananan yara. Ƙanena shi ne auta. Tsakanina da shi akwai nisa, don ni na goye shi, kuma da mahaifiyarmu ta rasu yana ɗan ƙarami a hannuna ya ƙarasa girma. Shi ya gaji teburin mahaifinmu a kasuwa, shi kuma ya gaji damben.

Siriri ne tun yana yaro. Idan ya tuɓe riga za ka iya bin haƙarƙarinsa da ido. Amma yana da sauri irin wanda ban taɓa gani wurin wani ba. Ko a bakin tebur, kafin mai saye ya gama nuna wurin da yake so, ya yanke ya naɗe ya miƙa. A fage ma haka yake. Ɗan dambe hannu ɗaya yake ɗaurewa da tsumma da igiya, da shi yake duka, ɗayan a buɗe yake miƙa shi gaba yana kare kansa. Ana yin turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an ce an kashe shi, ko da ya tashi yana dariya. Auta ba ya tsayawa a doke shi. Zai shiga, ya sa hannu, ya fita, abokin karawarsa yana kai wa iska duka.

A zamanin mahaifinmu ba a awon kowa. Wanda ya ga zai iya da kai ya fito, ko ya fi ka girma ko ka fi shi. Daga baya masu shirya wasa a jiharmu suka zo da ma'auni, suka raba 'yan dambe aji uku: na marasa nauyi, na tsakiya, da na manya. Tsofaffi sun yi gunaguni, amma abin ya zauna. Auta ya faɗa ajin marasa nauyi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya gama da su. Aka kai lokacin da makaɗa za su yi ta kiran sunansa da kalangu, ya zagaya fage hannu a ɗaure, ba mai fitowa. Ya dawo gida da yamma ya kwance igiya bai yi ko gumi ba. Na ɗauka abin zai yi mishi daɗi. Ashe shi ne ke cin shi.

A ajin tsakiya kuwa akwai wani mutum da ke riƙe da kambu shekaru da dama. Ɗan wani ƙauye ne ta wajen Korahane, daga zuriyar makiyayan da suka sauko suka zauna suka kama noma. Dogo ne, mai dogon hannu, wanda ya tashi da jan guga a rijiyoyin arewa masu zurfi. Ba ya kirari, ba ya rawa idan ana mishi kiɗa. Yakan tsaya ne kawai ya jira. Idan an yi zancen dambe a tasha ko a wurin mai shayi, zancensa ake yi. Idan an tuna da ƙanena sai a ce ai shi zakaran yara ne.

Mutum biyu daga ajin marasa nauyi sun riga shi gwadawa. Na farko ɗan Birnin Lalle ne, ya ƙara nauyi ya hau, bai gama turmin farko a tsaye ba. Na biyu abokin auta ne tun na ƙuruciya, tare suke motsa jiki. Shi ya kai turmi na biyu, sannan aka fitar da shi a hannu muƙamuƙi a goce. Ya warke, amma bai sake ɗaura hannu ba, ya koma aikin kabu-kabu. Auta ne ya raka shi asibiti, shi ya riƙa ba shi kunu da cokali. Don haka ba zan ce bai san abin da ke gabansa ba.

Dab da faɗuwar damina ya zo gidana bayan la'asar, ya zauna bakin tabarma ina gyaran takardun yara. Ya daɗe yana zancen tsadar bisashe da ciwon ƙafar mahaifinmu, sannan ya ce zai hau ajin tsakiya, yana so ya kara da mai kambu bayan kaka. Masu shirya wasa sun ce ba za su haɗa su ba sai nauyinsa ya kai na ajin, kuma da sauransa da yawa. Matarsa na da ƙaramin ciki a lokacin, ko ƙamshin mai ba ta iya shaƙa. Abin da ya kawo shi ke nan: yana so in riƙa dafa mishi abinci.

Na tambaye shi ko babur ɗin da ake ba wanda ya ci ne ke jan shi. Ya ce a'a. Na tuna mishi da abokinsa. Sai ya ce:

"Yaya, idan na zauna inda nake, zan tsufa ban san ko ni ɗan dambe ne ba. Duk waɗanda na kayar, na san zan kayar da su tun kafin in fito."

Na ce zan yi shawara. Washegari na je wurin ubangidansa, wani tsohon mahauci abokin mahaifinmu wanda ya koya mishi dambe, muna ce mishi baba. Na yi zaton zai goyi bayan yaron, sai na tarar ya fi ni ƙin abin. Ya ce naman da mutum ya ɗora wa kansa da cokali ba ɗaya yake da wanda Allah ya halicce shi da shi ba. Ya ce abin da yaron nan yake da shi ƙafa ce, kuma ita zai fara rasawa. Ya gaya mishi haka, bai ji ba. Da na tambaya ko zai janye hannunsa, sai ya ce ina, idan yaro ya rantse zai shiga, gara ya shiga yana tsaye bayansa. Ni ma a kan wannan na tsaya. Na ga ko na ƙi zai ci a wani wuri, kuma ban san me za a ba shi ba.

Da aka ba mu bakansi, wato babban hutun makaranta, na kama aikin sosai. Da safe fura mai kauri da nono da man shanu. Da hantsi shinkafa da wake, a zuba mai har ya kwanta a ƙasan kwano. Da rana tuwon hatsi da romon ƙashi, shi yake aiko da ƙashin daga kasuwa, da bindi da kai da ƙafa. Tsakanin wannan da wancan akwai gumba, da dabino, da ƙuli-ƙuli a aljihu. Auta mutum ne da tun yana yaro sai an bi shi da kwano. Yanzu sai ya zauna ya tasa abinci gaba kamar wanda aka ba aikin gona, yana ci yana hutawa, gumi na zuba. Wani lokaci in ji shi ya zagaya bayan ɗaki ya amayar, ya kuskure baki, ya dawo ya ɗauki cokali. Idan na ce ya bari haka, sai ya ce saura kaɗan.

Ba ci kaɗai yake yi ba. Baba ya sa shi ɗaukar buhu yana hawa tudun yashi da ke bayan gari, ya sa shi saran itace, ya sa shi jan ruwa. Duk ranar kasuwa yakan je shagon wani mai sayen wake ya hau ma'aunin buhuna. Da farko shi kaɗai yake zuwa. Daga baya labari ya bazu, sai ya zama idan zai hau mutane sun taru a ƙofar shagon suna leƙe. Idan allurar ta matsa gaba a yi sowa, idan ta tsaya inda take a yi ta ba shi shawara.

Daga nan garin ya shiga cikin tukunyata. Mata suna aiko da ƙwai. Mai shayin bakin tasha ya ce ya riƙa zuwa shan madara kyauta. Wani makiyayi da ban taɓa gani ba ya yi sallama a ƙofar gidana da cuku da gorar nonon raƙumi, ya ce daga Azagor yake, a ba yaron da zai kara da mai kambu. Yaran ajina idan sun gamu da ni a hanya ba sa tambayar lafiyata sai sun tambayi nauyinsa. Mutanen Dakoro sun daɗe ba su da wanda za su yi tutiya da shi a ajin tsakiya, sai suka ɗora abin duka bisa kansa. Na lura tun daga lokacin ya rage dariya. Ko da a ce ya so fasawa, ban ga ta inda zai fara ba.

Jikinsa ya sake a gabana. Wuyansa ya yi kauri, kafaɗu suka buɗe, kumatu suka fito. Rigunansa suka ƙi shi, matarsa ta kai wa tela ya buɗe su. Mutane suna cewa ya yi kyau, kuma gaskiya ne ya yi. Amma ni da na san tafiyarsa tun yana rarrafe, na ji ta canja. A da ba na jin shigowarsa sai dai in gan shi tsaye a kaina. Yanzu tun daga zaure nake jin takunsa. Wata rana akuyata ta tsinke, ya bi ta a tsakar gida, ya kama ta, amma ya daɗe dafe da bango yana mayar da numfashi. Muka haɗa ido.

Mahaifinmu a lokacin ba ya fita, yana kwance da ƙafa. Bai hana ba, bai kuma sa albarka da baki ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne in rage mai in ƙara wake. Sai ana gobe wasan ya kira auta ɗakinsa, ya karɓi hannunsa na dama ya daɗe yana murzawa, yana karanta abin da ya sawwaƙa, sannan ya sake shi.

An sa wasan a filin kokowa na garinmu, bayan an gama kai hatsi rumbu. Awo da safe, dambe bayan la'asar. Har ranar nauyinsa na bakin iyaka, don haka baba ya ce in kawo fura can filin ya sha kafin ya hau. Ban taɓa shiga wurin ba sai ranar. Na ɗauki ƙwarya babba na je, na tsaya gefe ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Auta ya sha har ya kasa, ya je ya hau, aka ce ya kai.

A nan na fara ganin mai kambu ido da ido. Na yi ta jin labarinsa har na ƙera wani ƙato a raina, sai na ga mutum mai faɗaɗɗun kumatu, leɓɓansa sun bushe sun tsage, idanunsa sun yi zuru-zuru. Ya tuɓe har agogo kafin ya hau ma'aunin, ya tsaya bai ko numfasa ba. Shi ma da ƙyar ya shiga, amma ta sama. Wani da ke kusa da ni ya ce ai jikinsa na ajin manya ne, kullum in wasa ya matso sai ya yi ta zama da yunwa da ƙishirwa don ya sauko. Sai a lokacin na gane abin da ke faruwa. Duk watannin da nake ɗura wa ƙanena abinci don ya hau, wancan yana can yana hana kansa don ya sauka. Da zarar an gama awo zai ci ya sha, ya koma girmansa na gaskiya.

Ya sauko ya zo inuwar da nake ya zauna a ƙasa. Mutanensa sun aika a kawo mishi abin sha, ba a kawo ba tukuna. Na ga idonsa ya sauka bisa ƙwaryata, ya ɗauke. Akwai sauran fura fiye da rabi. Ban yi wani dogon tunani ba, mutum na gani da ƙishirwa, na miƙa mishi. Ɗaya daga cikin mutanensa ya yi wuf ya tare, ya ce wannan yayar abokin karawarsa ce, kada ya sha abin da bai san me aka sa ciki ba. Shi kuwa ya dube ni, ya ce:

"Madam, wadda ƙanenki ya sha ce?"

Na ce ita ce. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya sha sannu a hankali har ya ga ƙasan ƙwaryar, ya yi godiya. Auta yana tsaye nesa kaɗan yana kallonmu. A hanyar gida na gaya mishi abin da na ji game da nauyin mutumin. Ya ce ya daɗe da sani, kowa a fage ya sani.

Da la'asar filin ya cika har bisa katanga. Na zauna cikin mata masu sayar da abinci ta wajen ƙofa, wata ta ba ni bencinta na hau. An yi ƙananan wasanni ban san yadda suka ƙare ba. Da aka kira su, mai kambu ya fito, na ga ba mutumin safe ba ne. Fuskarsa ta cika, fatarsa na sheƙi. Da suka tsaya gaba da gaba, duk naman da auta ya tara sai na ga kamar bai tara komai ba.

Turmin farko na ƙanena ne, wannan kowa ya shaida. Ya shiga ta ƙarƙashin dogon hannun nan ya sa mishi duka a haƙarƙari, ya fita. Ya sake shiga ya same shi a baki, jini ya fito. Filin ya ɗauka, kalangu ya rikice. Na ji matar da ke kusa da ni tana dukan bayana ba ta sani ba. Mai kambu ya tofar da jinin, ya gyara tsayuwa, bai nuna komai ba.

A turmi na biyu abin da baba ya faɗa ya fito. Auta yana shiga kamar da, amma fitar ta yi nauyi. Ƙafar da ke ɗauke shi ta riƙa makara. Dukan farko ya same shi a kafaɗa, na ji ƙararsa daga inda nake. Na biyu ya sauka a gefen fuskarsa ta hagu, bisa ido. Ya yi baya yana tangaɗi, gwiwarsa ta lanƙwashe, na ce ya tafi. Bai tafi ba. Ya miƙe ya sake miƙa hannu. Da aka raba su don hutawa na hango baba yana mishi magana a kunne, yana nuna igiyar hannunsa, alamar a kwance a bari. Auta ya girgiza kai.

Turmi na uku ban kalle shi duka ba. Na sauko daga bencin na zauna na rufe fuska da mayafi, ina jin sowa tana tashi tana sauka. Abin da aka gaya mini shi ne ya sha duka irin wanda ya kayar da waɗanda suka riga shi, ya rama abin da ya iya, ya ƙi faɗuwa. Alƙali ya busa, aka tashi babu kisa. Kambu ya zauna wurin mai shi, tunda ba a kayar da shi ba. Amma tun da mutumin ya hau, ba wanda ya taɓa gama turmi uku da shi a tsaye. Samari suka ɗauki auta a kafaɗa suka zagaya gari da shi. Ya iso gida dab da magariba, fuska a kumbure, idon hagu a rufe, yana murmushi da rabin baki. Ya durƙusa gaban mahaifinmu, tsohon ya dafa kansa, ya ce a kawo ruwan ɗumi.

An yi kwanaki gidan ba ya rabuwa da baƙi. Masu shirya wasa suka aiko cewa za a sake haɗa su. Kumburin ya saɓe, idon ya buɗe, ja ne kawai, muka ce jini ne ya kwanta zai washe. Ya koma kasuwa. Matarsa ce ta fara lura. Ta zo ta same ni ta ce idan ta miƙa mishi abu ta hagu ba ya karɓa sai ta yi magana, kuma ya yanke yatsa a wurin aiki, abin da bai taɓa yi ba. Na kira shi na tsare shi. Da ƙyar ya faɗa cewa tun bayan wasan yake ganin walƙiya a idon, daga baya wani abu baƙi ya riƙa saukowa daga sama kamar labule, kullum yana ƙara rufewa. Ya ɓoye ne don kada a fasa karawa ta biyu.

Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin garinmu, ya duba ya ce wannan ba nasu ba ne, mu wuce Maradi. Muka shiga mota ni da shi. Likitan ido ya haska, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wani abu ne a can cikin idon ya ɓalle daga mazauninsa, irin wanda ake gaggawar mayarwa, kuma an daɗe. Ya tura mu Yamai. An yi mishi aiki a can, muka zauna gidan wata 'yar'uwar mijina har aka kwance bandejin. Yana ganin haske da duhu, ba ya ganin komai bayan wannan. Likitan ya ce idan ya sake shiga fage, ɗayan idon yake sa wa a hatsari.

Muna cikin motar dawowa har muka wuce Kornaka. Yana zaune jikin taga yana kallon gonaki da aka girbe. Can ya ce:

"Yaya, da na faɗi a turmi na biyu, da yanzu ina da ido biyu."

Na ce haka ne. Ya ce ya sani tun a lokacin cewa wani abu ya lalace, ya ji shi. Na tambaye shi to me ya hana shi sa hannu a ƙasa. Ya ce shi ma yana tambayar kansa, amma ko yanzu aka mayar da shi wurin bai tabbata zai sa ba. Na yi kuka ta yadda ba zai gani ba, don ta hagunsa nake zaune.

Muna Yamai matarsa ta haihu, ɗiya mace. Mun tarar an yi suna. Mahaifinmu bai ga wata damina ba bayan wannan. Garin da ya yi ta aiko da ƙwai da madara ya zo jajen idon auta, aka yi ta cewa ƙaddara ce, sannan a hankali aka koma zancen wani yaro sabo da ya taso. Ban riƙe kowa a raina ba. Nauyin da auta ya tara bai sauka ba, sai ma ƙaruwa da ya yi da ya bar motsa jiki. Wanda bai san shi da ba, in ya gan shi yau bayan tebur ba zai yarda an taɓa kiran shi siriri ba. Ya koyi aiki da ido ɗaya. Yakan juya kai gaba ɗaya in zai duba hagu, kuma ya rage sauri da wuƙa. An yi wata da watanni ba ya son jin kalangu, ko na biki ne sai ya tashi ya shiga ɗaki. Baba ya ci gaba da zuwa wurinsa kullum da hantsi, su zauna ba su zancen dambe.

Mai kambu ya ƙara shekara biyu ko uku yana riƙe da ajinsa. Wasu daga ƙasa sun sake hawa, ya kayar da su. Daga baya muka ji ya gaji da zaman yunwa, ya haura ajin manya da kansa, aka kashe shi a turmin farko a wani wasa can kudu. Bai daɗe ba ya bar dambe ya kama fataucin bisashe, yana sayowa daga arewa yana kawowa kasuwarmu.

Ban san yadda suka fara magana ba, auta bai gaya mini ba. Na dai je karɓar nama wata ranar kasuwa na tarar da su bayan rumfa suna cinikin wani ɗan bijimi, suna ja-in-ja kamar kowane mahauci da kowane falke. Mutumin ya gane ni, ya miƙe ya gaishe ni. Ya yi ƙiba shi ma, gemunsa ya fara fari. Bayan ya tafi na tambayi auta ko ya taɓa yi mishi zancen idon. Ya ce sau ɗaya, farkon haɗuwarsu. Ya ce mutumin bai nemi gafara ba, shi ma bai ga abin gafara ba. Abin da mutumin ya ce kawai shi ne tun a turmi na biyu yake roƙon Allah a ransa yaron nan ya faɗi, don ya san abin da hannunsa ke yi.

Yanzu kusan duk ranar kasuwa yana zuwa. Idan sun gama ciniki sai su ja benci su aika a kawo shayi, su yi ta zancen ruwa da ciyawa da kuɗin mota. Wani lokaci ɗiyar auta tana dawowa daga lakkol ta biyo ta nan, mutumin ya saya mata rake. Na sha wucewa in gan su. Duk inda bencin yake, ko rana ta fi bugun wajen, mutumin sai ya zagaya ya zauna ta hannun daman ƙanena.